Tifar Takin da Baffa Ya Aiko

Har yau in na ga baƙar leda ta maƙale a jikin karan dawa tana kaɗawa, sai in ji yawu ya cika mini baki, ba na iya wucewa sai na tofar. Mai ɗakina ta ce abin nawa ya fara wuce gona da iri. Na ce mata ita ba ta shaƙi abin da na shaƙa ba, shi ya sa.

Gidanmu a Gafasa yake. Ni ne ɗan fari, ina koyarwa a wata firamare a Ajingi, a can nake zaune da iyalina, sai ranar Asabar in hau babur in je in gaishe da Inna. Tun da Baba ya rasu, ƙanena ne ya riƙe gida da gona. Shi ne autanmu, kuma Auta kowa yake ce masa. Har 'yarsa da ta fara magana Auta ta riƙa kiransa, sai da aka kwaɓe ta.

Sa'o'in Auta duk sun watse. Da can ci-rani ake tafiya. In an gama girbi samari su ɗaure kayansu su nufi Kano, da an ga hadarin farko a gabas kuma su dawo, kowa da sabuwar riga. Yanzu tafiyar ce kawai ta rage, dawowar ta ɓace. Wannan yana tura kurar ruwa, wancan yana dakon kaya a baro, wani ya samu adaidaita-sahu yana ja wa mai ita. Masu zama a ofis ƙarƙashin fanka suna cewa wai son birni ne da ƙyuya. Ƙarya suke yi, wallahi. Su zo su ga gonar da kakanmu ya bari, wadda aka ce sai mutum ya ƙwala kira kafin na ɗaya gefen ya ji shi. An raba ta tsakanin 'ya'yansa, an sake rabawa tsakanin jikoki, har rabonmu ya dawo ɗan zirin da in akuya ta shigo ta nan, kafin ka ɗauki hoge ta faɗa gonar maƙwabci. Ƙasar kuma ta gaji, ta yi fari fat. Fulanin da suke sauka mana da shanu bayan girbi, su kwana a gona su bar mana kashi mu ba su dawa, sun daina zuwa, domin burtalin da suke bi an nome shi. Takin zamani kuwa, je ka kasuwar Ajingi ka dafa buhun ka tambayi farashi, da kanka za ka janye hannunka.

Duk da haka Auta ya ƙi tafiya. In abokansa suka zo Sallah suna zuga shi, sai ya ce, "In je Kano in yi me? In kwana a barandar shagon wani, sauro ya yi biki a kaina?" Inna kuwa a kansa ta ɗora ranta. Ba ta taɓa faɗa da baki ba, amma duk ranar da ta ji wani ɗan unguwa ya tafi, sai ka ga man shanun da ke kan tuwon Auta ya ƙaru. Burinta a duniya bai wuce ta ji shi da yamma ya rataye fartanyarsa a ƙusar zaure ya yi sallama ba.

Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin Baba, ba ya shiga gona da takalmi. A bakin gona yake cire silifa ya ɗora a kan kututture. Baba yakan ce shi da tafin ƙafa yake gane ko ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Kusan duk manoman wajenmu haka suke, domin ƙasarmu jigawa ce mai laushi, in ban da ƙaya da kunama babu abin tsoro a cikinta.

A wata ƙaramar Sallah da ta faɗo cikin bazara, Baffa ya zo. Ƙanen Baba ne, tun da daɗewa ya sayar da rabonsa na gona ya koma Kano, yana sayar da siminti da bulo. Ya zauna a kan darduma a zaure, turarensa ya cika ko'ina, muna gabansa a durƙushe. Ya tambayi Auta labarin gona, Auta ya ce masa gona lafiya, taki ne dai babu.

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Taki? Haba ɗana, taki ne yake hana ka barci? Mu a birni rasa inda za mu kai shi muka yi!"

Ya ce tifofin da suke kai masa yashi daga wajen Wudil babu kaya suke komawa, zai sa wani direba abokinsa ya cika ɗaya da sharar birni ya ƙaraso da ita har gona. Ya ba mu labarin yadda lokacin da ya fara zuwa Kano masu jakuna suke bin lunguna suna kwasar shara a mangala, toka ce da kashin awaki da tsohuwar ƙasar gini, su kai gona, gero ya yi zangarniya kamar hannun ƙato. Ba ƙarya ya yi ba, mu ma mun ji hakan a bakin Baba. Abin da Baffa bai lura ba, ko bai damu ya lura ba, shi ne sharar da ya sani yana saurayi ba ita ce ta yau ba. Mutumin da ko ɓawon ayaba wani ne yake ɗauke masa, yaushe rabonsa da ya leƙa bola?

Ina gida ranar da tifar ta zo. Kusan rabin unguwa ya bi ta har gona. Direban ya ɗaure hancinsa da hankici, kuma da muna da wayo wannan kaɗai ya ishe mu. Ya zagaya gonar yana ɗaga bodi yana zubarwa tsibi-tsibi. Kafin ya gama, warin ya iso inda muke tsaye.

Ni ɗan ƙauye ne, na share turke, na kwashe kashin jaki da hannuna, na san warin taki, kuma ba na ƙyamarsa. Wannan daban ne. Ɗoyi ne da zarni da tsami a haɗe, mai shiga maƙogwaro ya zauna. Ƙudaje kore-kore, irin waɗanda ban taɓa gani a garinmu ba, da su aka zo tun daga Kano, suka tashi duu suka sake sauka. Amma abin baƙi ne wuluk, ga danshi, kuma a wajen manomi baƙar ƙasa ita ce arziki. Dattawa suka tsaya suna jinjina kai suna cewa, "Kai, wannan shi ne taki! Allah Ya saka wa Alhaji da alheri, bai manta da gida ba."

Na sa sanda na tona tsibi ɗaya. Leda ce ta fara fitowa, sai ledar fiya-wata, sai wata ledar. Na jawo Auta gefe na ce, "Kai, dubi abin nan da kyau."

Ya duba. Ya ce, "Na gani, Yaya. Zan tsince."

"Ka tsince me? Ai abin tsincewar ya fi takin yawa!"

"To in ce a kwashe? Kyautar Baffa, a gaban mutane?"

A wajenmu ƙanen uba uba ne, ba a mayar masa da kyauta ko da kunama ce a ciki. Direba ya sha furar da Inna ta aiko masa, ya ja motarsa ya tafi.

Auta ya shiga tsinta. Kullum da sassafe yana gona da buhu. Duk Asabar in na zo sai ya nuna mini abin da ya tara. Ga fasassun kwalabe, ga batir da ya fashe yana zubar da farin gari, ga gashin roba irin wanda matan birni suke ƙarawa a kitso, ya cukurkuɗe da ƙashin kaza. Ga robar magani, ga tsumman da ba zan faɗi na mene ne ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne famfas na jarirai, an naɗe kowanne an ɗaure da abin da ke cikinsa, an aiko mana har inda muke shuka abin da za mu ci. Tir! Ya tara ya cinna wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har cikin gida, Inna ta wuni tana tari. Da ya tsince na sama, sai na ƙasa ya leƙo.

Sai iskar bazara ta taso. Ledoji suka tashi sama, suka bazu a gonakin maƙwabta, suka rataye a kan ƙayar gawo da shingen kowa. Dattawan nan da suka sa wa Baffa albarka su ne suka fara zuwa zaure da ƙorafi. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi wai mun kawo musu ƙazantar birni. Na ce masa, "Baba, ai da bakinka ka ce shi ne taki." Ya ce shi bai tuna ba.

Lokacin ba a fara ɗaure dabbobi ba tukuna. Inna tana da wata jar akuya da take ji da ita, mai haihuwar tagwaye. Ta riƙa zuwa gonar tana lasar ledojin da ke da gishiri da mai. Ba a jima ba ta daina cin dusa, ta rame, cikinta kuma ya yi tim. Da aka ga za ta mutu aka kira mahauci ya yanka. A gabana ya farka tumbin, ya sa hannu ya zaro wani dunƙule baƙi mai yauƙi, ledoji ne suka murɗe suka zama igiya, ya yi ta ja yana ja kamar ba za ta ƙare ba. Inna ta juya baya ta shige ɗaki. Ko romon ba ta sha ba, ni ma haka.

Ruwa ya sauka, kuma shuka ba ta jiran kowa. Dole Auta ya baje abin da ya rage ya yi shuka a kansa. Ruwan nan ya jiƙa famfas ɗin da suka ɓuya, suka kumbura suka fashe, wani abu mai santsi kamar kamu ya malale a kan kunya. Gero ya tsiro wuri-wuri. Inda ya faɗa kan baƙar ƙasar ya yi kore shar, gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Inda ya faɗa kan leda kuwa, sai ya fito ya yi rawaya ya tsaya, domin saiwar ba ta da inda za ta bi.

A noman farko abin ya faru. Auta ya cire silifarsa ya ɗora a kan kututture yadda ya saba, ya shiga. Bai yi nisa ba ya taka allura, irin ta sirinji, ta shige tafin ƙafarsa ta dama. Ko daga wane gida ta fito, ko wane mai ciwo aka tsira wa, Allah ne masani. Ya zare ta, ya matse jinin, ya ci gaba da noma, wai kada rana ta yi. Kafin in zo Asabar ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi, shi kuma yana rawar ɗari. Na ɗora shi a babur muka tafi asibiti a Gaya. Aka tsaga wurin, ruwan da ya fito sai da na kau da kai. Aka wanke, aka yi masa allurai, aka ce kada ya kuskura ya taka ƙasa sai ya warke.

Ciyawa ba ta san da wannan ba. Yana kwance a tsakar gida ƙafa a kan turmi, ita tana tashi. Inna ta ce a kira gayya, yadda ake yi tun kaka da kakanni in mutum ya kwanta ciwo da damina. Ta sa aka dama fura, aka tuƙa tuwo. To wa zai zo? Masu ƙarfin suna Kano suna tura kura. Tsofaffi ne suka zo, 'yan ƙalilan, kowa ya ajiye takalminsa a bakin gona. Ba su gama kunyar farko ba ɗaya ya daki kwalba da fartanya, ta tarwatse a gaban yatsunsa. Suka tsaya suka dubi juna. Babbansu ya ce mini, "Malam, ka yi haƙuri, mu ma da ƙafafun nan muke ci da iyali." Suka ci tuwo suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni na riƙa shiga duk Asabar da Lahadi, da takalmin makaranta a ƙafata. Hannun alli ne da ni, ba na noma ba. Kuma wane noma? Ka kai sara, fartanya ta maƙale a leda, ka sunkuya ka cire, ka sake kai sara, ta naɗo gashin roba. Ina yi ina zagi, ban ma san wa nake zagi ba. Kafin Auta ya fara dogara sanda, ciyawa ta riga ta shanye geron.

Da kaka abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Gyaɗar da aka shuka a tsakanin geron kuwa, da aka cira, kowace saiwa da guntun leda a jikinta. Na kira Baffa a waya, na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa duk abin da ya faru. Ya ce, "Ayya, Allah Ya kiyaye gaba. Ai shi irin wannan takin sai ya shekara yake kama ƙasa, baɗi za ku gode mini." Sannan ya ce in abin ya yi tsanani Auta ya zo, ba zai rasa abin yi ba. Akwai maganar da ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta, na ce masa mun gode.

Hatsin bai kai mu tsakiyar rani ba. Wata safiya Auta ya ɗaure kayansa a buhu, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Ya ce, "Ci-rani ne kawai, Inna. Da hadarin farko zan dawo." Ta ce, "Allah Ya tsare." Ya bar mata matarsa da 'yarsa, na kai shi tasha a Ajingi, ya shiga bas yana ɗan ɗingishi.

Da bazara ta kewayo, Inna ta kai fartanyarsa wurin maƙeri aka koɗa ta, aka sa mata sabuwar ƙota, ta mayar da ita kan ƙusar zaure. Hadari ya fara haɗowa a gabas, babu Auta. In an kira shi a waya sai ya ce yana nan tafe. Inna ba ta kiran sunana, saboda ni ne ɗan fari. Wata Asabar ta ce, "Kai, wannan, ka je ka ce masa gabas ta yi baƙi."

Na je Kano. A shagon Baffa aka kwatanta mini inda yake aiki, aka ce yana tare da direban nan na tifa. Tun kafin in iso na gane wurin, hancina ne ya gane shi. Bola ce guda kamar tsauni, a bayan wasu gidaje masu bene, hayaƙi yana tashi ta gefe ɗaya, baƙin ruwa yana tsiyaya ta ɗaya gefen. Tifa tana tsaye a gindinta, mutane suna watsa mata shara da shebur. Auta yana cikinsu. Silifa ce a ƙafarsa, ya naɗe kowace ƙafa da leda ya ɗaure a idon sawu.

Na tsaya ina kallonsa kafin ya gan ni. Sauran suna ɗiba suna watsawa, shi kuwa kowane shebur sai ya tsaya ya baje shi, ya sunkuya ya ɗauki wani abu ya jefa a gwangwanin da ya rataya a ƙugu. Direba yana yi masa tsawa wai yana ɓata musu lokaci.

Da ya gan ni ya sauko. Ya miƙo hannu, sai ya dubi hannun ya mayar da shi baya. Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ya Inna?"

Na ce, "Wannan ne abin yin da Baffa ya samar maka? Wannan? Inna ta ce in gaya maka gabas ta yi baƙi."

Ya ce, "In dawo in shuka a cikin me, Yaya? Kai ma ka shiga gonar ka gani. Nan ko ba komai, da yamma ina samun abin da zan aika a sayi dawa."

Na tambaye shi ina za a kai wannan lodin. Ya ce garin Balan za a kai, wani ne ya saya wa 'yan'uwansa. Raina ya ɓaci, na juya kan direban na ce masa bai ji tsoron Allah ba. Ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, roƙona ake yi. Har layi ake bi."

Auta ya karkato mini gwangwanin in gani. Allurai ne da reza da guntayen kwalba, ya kusa cika. Ya ce, "Ledar ta fi ƙarfina. Waɗannan dai nake cirewa. Ka san can ma ba sa shiga gona da takalmi."

Ban iya cin komai a Kano ba ranar. Na dawo Gafasa da la'asar, na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na so in sassauta mata, amma baƙin ciki bai bar ni ba, na zayyana mata komai, da bolar da warin da gwangwanin. Ba ta ɗago kai ba har na gama.

Sannan ta ce, "Me ke ƙafarsa?"

Na ce, "Leda."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Sai ta ce, "Ranar kasuwa ka saya masa takalmin roba, mai tsawon nan har gwiwa. Ka ba mai mota ya kai masa."

Na ce, "To, Inna. In ce masa yaushe zai dawo?"

Ta ce, "Kada ka ce masa komai."

Ta ajiye faifan, ta miƙe da ƙyar ta nufi zaure. Ina ji ta sauke fartanyar daga kan ƙusa. Ta wuce ni da ita a hannu, ta shiga ɗakinta ta tura ta ƙarƙashin gado.